Kalmar “Duba” da Alkawarin da Ke Cikinta: Matsalar Tsinkewar Ishara a Littattafan Jagoran Manhaja

Cikin kalmomin da marubuci yake amfani da su, kaɗan ne suke ɗauke da alkawari mai nauyi irin na kalmar “duba”. Idan mai ƙamus ya kawo kalma, maimakon ya fassara ta sai ya ce a duba wata, ko lauya ya ce a duba sashe na kaza, ko malami ya ce bayanin wannan mas’ala yana babi na gaba, to kowannensu ya ɗaukar wa mai karatu alkawari cewa in ya tashi ya je can zai tarar da abin da aka ce. Wannan shi muke kira ishara, kuma da ita ake ɗinke babban littafi ya zama abu guda. Abin da nake son tattaunawa a wannan fili shi ne yadda wannan alkawari yake karyewa a wani fage da yawancinmu ba mu ɗauke shi a matsayin fagen rubutu ba, wato littattafan jagora da ake yi wa manhajojin kwamfuta.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan malamin harshe da wannan? Ruwansa kuwa da yawa. Duk likitan da ke shigar da bayanan majiyyata a kwamfuta, da akawun da ke lissafin albashi, da ma’aikacin banki, suna zaune ne a kan manhajar da wani ya rubuta, shi kuwa wannan wanin, littafin jagora ya karanta kafin ya rubuta. Dubban matasanmu da suke koyon wannan sana’a a Kano da Kaduna da Zariya, mafi yawansu ba su da malamin da ya wuce waɗannan littattafai. Idan littafin ya ce wa yaro kada ya yi amfani da umarni kaza sai ya karanta gargaɗin da ke sashe kaza, ya latsa mahaɗin ya tarar babu komai, abu biyu ne zai faru: ko ya haƙura da aikin, ko ya ci gaba babu gargaɗin. Na biyun ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi haɗari.

Bari mu fara da yadda ake samar da waɗannan littattafai, domin a nan tushen matsalar yake. Masu rubuta manhaja ba sa zama su tsara shafi da hannu kamar yadda ake yi a maɗaba’a. Suna rubuta zallar rubutu ne, su yayyafa masa wasu alamomi da ke cewa wannan kanu ne, wannan jeri ne, wannan suna ne na umarni, wannan kuma ishara ce zuwa wani wuri. Daga nan sai wata manhaja, wadda zan kira maginiya, ta karanta rubutun da alamominsa, ta gina shafukan intanet ko littafin da za a iya bugawa. Dabarar ta daɗe. A 1969 Charles Goldfarb da abokan aikinsa biyu suka fito da tsarin GML a kamfanin IBM, wanda ya haifi SGML da ya zama ma’aunin ƙasa da ƙasa a 1986, shi kuma daga jikinsa Tim Berners-Lee ya yanko HTML a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. Daga baya aka samu masu sauƙin rubutawa, irin su reStructuredText na David Goodger a farkon shekarun 2000, da Markdown na John Gruber a 2004. Maginan ma suna da yawa: akwai Javadoc na harshen Java, da Doxygen da Dimitri van Heesch ya fitar a 1997, da Sphinx da Georg Brandl ya rubuta a 2008 domin littattafan harshen Python.

Hikimar wannan tsari ita ce marubuci ba ya rubuta lambar shafi ko lambar sashe da kansa. Yakan laƙaba wa wurin da yake son nunawa wani suna, sannan a duk inda yake son tura mai karatu can sai ya ambaci wannan laƙabi. Maginiya takan bi rubutun sau biyu. A zagayen farko ta tattara duk laƙubban da ke cikinsa da inda kowanne yake, a zagaye na biyu ta ɗauki kowace ishara ta nemo mata laƙabinta, ta ƙulla su. Abokan aikinmu na sashen lissafi da kimiyyar lissafi da suke rubutu da LaTeX, tsarin da Leslie Lamport ya ɗora a kan TeX na Donald Knuth, sun san wannan sarai, domin sai sun gina takarda sau biyu lambobin suke daidaita, kuma duk isharar da ba ta sami laƙabinta ba takan fito da alamar tambaya guda biyu baƙaƙe a tsakiyar jimla. Masu amfani da Word su ma sun san jimlar nan ta Turanci mai kaurin baƙi da take faɗowa tsakiyar rubutu tana cewa ba a ga tushen ishara ba. Na sha cin karo da ita a kundayen ɗalibai na neman digiri, an buga, an ɗinke, an yi wa bango ado da ruwan zinariya, ba wanda ya lura.

To me ke tsinka isharar? Kusan ko yaushe gyara ne. Wani ya ga kanun wani sashe bai yi masa daɗi ba ya sauya shi. Wani ya raba dogon fayil gida biyu. Wani ya sake wa umarni suna a cikin manhajar, ya manta cewa akwai wurare arba’in a littafin da suke kiran sa da tsohon sunansa. Kowane ɗaya daga cikinsu alheri ya yi niyya, kuma shafin da ya gyara ya fi da kyau. Ɓarnar tana can wani shafi da bai buɗe ba, bai ma san da shi ba. Dalili kuwa shi ne ishara hanya ɗaya take bi: mai nuni ya san abin da yake nunawa, amma abin da ake nunawa bai san masu nuna shi ba. Kamar mutum ne ya tashi daga gidan haya bai sanar da kowa ba, alhali akwai mutum ɗari da suke riƙe da kwatancen tsohon gidan. Ted Nelson, wanda ya ƙirƙiro sunan wannan nau’i na rubutu mai mahaɗai tun 1965, ya so a ce kowane mahaɗi yana da kai biyu, kowane ɓangare ya san ɗan’uwansa. Berners-Lee ya zaɓi mai kai ɗaya domin kowa ya iya nuna shafin kowa ba tare da neman izini ba. Wannan zaɓi shi ya sa yanar gizo ta bazu kamar wutar daji, shi ne kuma ya gadar mana da lambar nan 404 da kowa ya sani.

Girman asarar a yanar gizo gaba ɗaya an auna shi. Wani nazari da Jonathan Zittrain da Kendra Albert da Lawrence Lessig na Jami’ar Harvard suka wallafa a 2014 ya gano cewa kusan rabin mahaɗan da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da alƙalan suka nuna. A 2024 cibiyar Pew ta bayar da rahoton cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke akwai a 2013 sun ɓace bayan shekara goma. Amma ina so mai karatu ya bambanta wannan da abin da nake magana a kai. Mahaɗin da ke nuna gidan wani, in mai gidan ya rushe shi, ba laifinka ba ne. Isharar da ke cikin littafinka, tana nuna wani sashe na littafinka, wadda maginiya take da cikakken jerin laƙubbansa a hannunta, wannan ba ta da uzurin tsinkewa. Na’urar ta san ta tsinke tun kafin kowa ya karanta. Tambayar kawai ita ce me aka umarce ta ta yi idan ta gani.

A nan ne al’amarin yake da ban sha’awa, domin amsar ta danganta ga ɗabi’ar mutane fiye da ƙarfin na’ura. Ɗauki Sphinx. Idan ishara zuwa wani sashe ta rasa laƙabinta, takan yi gargaɗi, amma ta ci gaba da gini. Idan kuwa ishara ce zuwa sunan wani umarni na manhaja da ba ta samu ba, a tsarinta na asali ko gargaɗin ba ta yi: sai ta buga sunan da irin haruffan da ake buga umarni, ta bar shi babu mahaɗi. Shafin ya fito tsaf, ba tabo ba alamar tambaya, mai karatu ya ɗora manuni a kai ya latsa, shiru. Sai wanda ya kunna mata yanayin tsanantawa ne take faɗa masa duk abin da ta rasa, sai kuma wanda ya ƙara mata umarnin ɗaukar gargaɗi a matsayin kuskure ne za ta ayyana ginin littafin a matsayin wanda ya gaza. A ganina wannan tsinkewa ta shiru ta fi alamar tambayar LaTeX muni nesa ba kusa ba. Alamar tambaya tana da muni a ido, amma gaskiya take faɗa. Mu a nazarin harshe mun san jimla takan iya cika duk ƙa’idojin nahawu alhali wakilin sunan da ke cikinta ba shi da wanda yake wakilta. In na ce maka “ka ba shi”, ban taɓa ambaton kowa ba, ban karya nahawu ba, amma ban gaya maka komai ba.

Wani zai ce ai magani a fili yake, a tsananta kawai. An gwada. Lokacin da aka fitar da Java 8 a 2014, an sanya wa Javadoc mai bincike mai tsanani, wanda yake ɗaukar karyayyar ishara da gurɓatacciyar alama a matsayin kuskuren da ke tsayar da gini. Ayyuka masu ɗimbin yawa da suka shekara goma suna tafiya lafiya, a ganin masu su, suka wayi gari ba sa ginuwa. Me jama’a suka yi? Kaɗan suka zauna suka gyara. Da yawa suka nemo umarnin da ke kashe mai binciken ɗungurungum, suka liƙa shi a fayil ɗin gininsu, aka koma gidan jiya, har ma da ƙarin asara, tunda yanzu ko gargaɗin babu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka tara wa kuskure dubu a ranar da zai miƙa aiki, ba gyara zai nema ba, hanyar tsira zai nema.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta masu kula da littattafan Python. Sun san suna da tsofaffin isharori masu yawa da ba sa ƙulluwa, sun kuma san ba za a gyara su a mako guda ba. Sai suka rubuta jerin fayilolin da aka san suna da wannan aibi, aka yi musu uzuri na wucin gadi. Duk fayil ɗin da ba ya cikin jerin, ba a karɓar gyaran da zai shigo masa da sabuwar tsinkewa. Duk wanda aka tsabtace kuma, a cire sunansa daga jerin, ba ya komawa. Jerin sai raguwa yake, ba ya ƙaruwa. Wannan siyasa ce ta mai hankali, irin ta mai bin bashi da ya ce ba zan matsa maka ka biya tsohon yau ba, amma ba zan ƙara maka sabo ba.

Misalin Linux ya nuna wani gefen. A 2016, ƙarƙashin kulawar Jonathan Corbet, aka fara mayar da littattafan ƙwayar Linux zuwa Sphinx daga tsohon tsarin DocBook da tarin fayilolin zallar rubutu. Aikin ya ɗauki shekaru, kuma Mauro Carvalho Chehab, ɗan ƙasar Brazil, ya ɗauki kaso mai yawa na wahalarsa. Sauya tsarin yana nufin sauya wa fayiloli suna da matsar da su daga wannan jaka zuwa waccan. Matsalar ita ce ba littafin kaɗai yake nuna waɗannan fayiloli ba. A cikin rubutun manhajar kanta akwai dubban bayanan gefe da injiniyoyi suka bar wa na bayansu, suna cewa a duba fayil kaza. Waɗannan maginiya ba ta ganin su, domin ba su cikin littafin. Sai da aka rubuta wata ’yar manhaja ta musamman wadda aikinta kawai ta bi dukkan rubutun tana neman duk inda aka ambaci fayil ɗin bayani da babu shi. Harshen Rust kuwa ya bi ta wata hanya: tun daga fitowarsa ta 1.48 a Nuwamba 2020, marubuci yana nuna abu da ainihin sunansa na cikin manhaja, na’urar da ta san sunayen ita ce take nemo adireshin, ta kuma yi ƙorafi in sunan ya ɓace.

Duk wannan, in aka duba da kyau, tsohuwar matsala ce da malaman da suka gabata suka sha fama da ita, suka kuma gano maganinta: kada a ɗaure ishara da abin da ke sauyawa. Shi ya sa har yau masu nazarin Aflatun suke ambaton lambobin shafukan bugun Henri Estienne na 1578, masu nazarin Aristotal kuma na bugun Immanuel Bekker na 1831, ko da wane bugu ne a hannunsu. Lauyoyinmu ma sun sani. Lokacin da aka yi wa Kundin Tsarin Mulkin 1999 gyara na uku domin shigar da Kotun Ma’aikata ta Ƙasa, ba a ture lambobin sassan da ke gaba ba. An saka sababbin sassan a matsayin 254A zuwa 254F, domin da an sake lamba, da duk hukuncin kotu da duk dokar da ta ambaci sashe na 255 zuwa sama ta koma nuna wani abu dabam. Haka kuma duk wanda ya tashi da Alƙur’ani bugun Warshu, ya zo yana neman aya da lambar da aka ba shi daga bugun Hafsu, ya san yakan tarar da ita ta gota da ɗaya ko biyu, saboda ƙidayar mutanen Kufa 6236 ce, ta mutanen Madina da ake bi a bugun Warshu kuwa 6214. Nassin bai sauya ba, wurin tsayawar ƙidaya ne ya bambanta. Alarammominmu da suke ambaton aya da farkon lafazinta ba su taɓa shiga wannan ruɗani ba.

Berners-Lee da kansa ya rubuta wata gajeriyar maƙala a 1998 yana roƙon masu shafuka da kada su riƙa sauya adireshi. Amma yawancin maginan Markdown suna yin abin da ya saɓa wa wannan shawara, domin daga kalmomin kanu suke ƙera adireshin sashe kai tsaye. Ka gyara harafi ɗaya a kanu, adireshin ya sauya, duk mai nuna shi daga waje ya faɗi. Wato an ɗaure ishara da abin da ya fi komai saurin sauyawa a rubutu.

Wannan kuwa ya kawo ni inda abin ya shafe mu kai tsaye, mu masu fatan ganin an fassara irin waɗannan littattafai zuwa Hausa. Da zarar mai fassara ya mayar da kanu Hausa, adireshin da aka ƙera daga kanun Turanci ya tafi, isharorin da ke sauran shafuka kuwa suna nan suna kiran tsohon. Sannan ga batun haruffanmu masu lanƙwasa. Wata sananniyar hanyar ƙera adireshi ita ce a warware kowane harafi zuwa gindinsa da alamarsa, a zubar da duk abin da ba ya cikin haruffan Turanci. Wannan yana yi wa Faransanci aiki, domin a tsarin Unicode harafin é yana warwaruwa zuwa e da alamar samansa, a zubar da alamar a bar e. Amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba sa warwaruwa, kowannensu harafi ne guda mai zaman kansa. Saboda haka maginiyar da ke bin wannan hanya takan zubar da harafin ɗungurungum, “ɗaki” ya koma “aki”, “ƙofa” ta koma “ofa”. Wadda kuma aka koya wa ta cire lanƙwasar kawai, sai ta haɗa “baki” da “baƙi”, ko “kafa” da “ƙafa”, a adireshi guda, ta bambanta su da lambar da take bayarwa bisa wanda ya riga zuwa. Ranar da aka sauya jerin sassan, lambobin su musanya, ishara ta kai ka wurin da ba shi aka nufa ba, kuma babu gargaɗin da zai fito tunda a wurin na’ura mahaɗin lafiyarsa ƙalau. Wanda zai rubuta kanu da ajami ya fi shiga uku, domin a Docutils, wadda Sphinx take zaune a kanta, kanun da babu harafin boko ko ɗaya a cikinsa lamba kawai ake ba shi bi da bi, sai a saka sabon sashe a sama duk na ƙasa su gota.

Saboda haka shawarata ga duk wata ƙungiya ko sashen jami’a da zai shiga aikin fassara ko rubuta jagorar manhaja da Hausa ita ce, kafin a taɓa kanu ko ɗaya, a bi littafin a laƙaba wa kowane sashe laƙabi na dindindin da hannu, da haruffa marasa lanƙwasa, wanda ba a fassara shi kuma ba a gyara shi ko da kanun ya sauya sau goma. Sphinx tana ba da damar haka, yawancin maginan Markdown ma suna da hanyar yin sa. A kunna yanayin tsanantawa tun ranar farko, lokacin da kurakuran ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. In an matsar da shafi, a bar mai juya baƙo a tsohon adireshin ya riƙa tura shi sabon. Sannan a cikin masu duba aikin a samu mutum guda wanda ba a ɗora masa duba nahawu ko daidaiton kalmomi ba, aikinsa shi ne ya karanta kowace jimla da ta ce “duba”, ya je ya duba, ya tabbatar abin da ya tarar shi ne abin da jimlar ta yi alkawari, domin wannan kashi na aikin har yanzu babu maginiyar da take yin sa.